Kuɗin ta'amin lafiya ya yi tsada: ina ya kamata a rage?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar mu'assasa ta dafa wa alhazai da masu umara abinci a nan Makka. Ma'aikatana ba su kai ashirin ba, yawancinsu 'yan uwanmu ne masu igama, wato takardar izinin zama. Bana da na je sabunta musu ta'amin lafiya, wato inshorar lafiya, sai aka lafta mini ƙari, alhali ko mutum guda bai ƙaru ba. Mun sha gardama a majalisarmu ta Shara Mansur bayan isha'i. Wani ya ce in koma kati mafi araha. Wani ya ce hukuma ce ya kamata ta yanke wa kamfanoni farashi. Wani ya ce a ƙara abin da majinyaci ke biya a taga, don mutane su rage zaryar asibiti. Wani kuma ya ce mu Hausawa mu haɗa asusunmu mu huta da kamfanoni. 'Yata, ke da kika san harkar nan, wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Na zauna a kujerar mai karɓar kuɗin nan, na kuma zauna a ta mai biya: da farko a ofishin haɗa fatura, wato takardar caji, na wani asibitin kuɗi a Jidda, daga baya a kamfanin ta'amin, inda ake tace faturar kafin a biya. Abin da zan faɗa ba lallai ya yi wa duk 'yan majalisarku daɗi ba. Kowannensu ya riƙo wani gefe na gaskiya, amma dukansu katin suka zuba wa ido, kuɗin kuwa a ɗakin likita da ɗakin gwaji da saidaliyya, wato kantin magani, yake ƙarewa. Duk dabarar da ba ta shiga waɗannan ɗakuna ba, sauya wa nauyin kafaɗa kawai za ta yi, a sauke daga taka a ɗora wa yaron da ke tuƙa maka tukunya.

Akwai abin da ba ya cikin gardama. Dokar ta'amin lafiya ta ƙasar nan ta fito a 1999, aka riƙa tilasta ta daki-daki daga tsakiyar shekarun 2000, manyan kamfanoni tukuna sannan ƙanana. Majalisar Daman, wato majalisar ta'amin lafiya ta gwamnati, ita ce ta tsara takardar bai ɗaya, wadda ta zayyana mafi ƙarancin abin da kowane kati zai ɗauka, na manaja ne ko na mai wanke-wanke. Wanda ya ɗauki ma'aikaci aiki ne ke biya, har da na matar ma'aikacin da 'ya'yansa, kuma ba a yarda a zare kuɗin daga albashi ba. Igama ba ta sabuntuwa sai da shi. Wanda ya ƙi yi zai biya abin da ya tsallake da tara a kai, ana ma iya hana shi ɗauko ma'aikata daga waje. Don haka zancen hutawa da kamfanoni, in dai a kan ma'aikatanka ne, bai taso ba. Asusun yana da wurinsa, zan zo kansa.

To me ya sa naka ya tashi? Ta'amin lafiya ya fi rabin duk kasuwar ta'amin ta Saudiyya, Bupa Arabia da Tawuniya su ne ke riƙe da kaso mafi tsoka. A yawancin shekaru, cikin kowane riyal 100 da kamfanonin suka karɓa, 80 ko fiye wurin asibitoci da saidaliyyoyi suke komawa. Da ragowar ake sallamar dillali, a biya ma'aikata da haya, a fitar da riba. Ko gobe aka ce an haramta musu riba baki ɗaya, abin da zai sauka a takardarka ba zai kai ka yi walima ba, hauhawar kuɗin asibiti na shekara ɗaya ko biyu zai haɗiye shi. Ka ce ba wanda ya ƙaru, gaskiya ne, amma kowa ya ƙara shekara, wataƙila wani ya tsallaka daga wani rukunin shekaru zuwa na gaba, wani ya yi aure an saka amarya mai shekarun haihuwa. Ƙananan mu'assasoshi irin taka da waɗannan abubuwa ake yi musu farashi, da abin da aka rubuta a takardar bayyana cututtuka, da kuma abin da ire-irenku suka ci bara. Sannan a Oktoban 2022 an faɗaɗa takardar bai ɗaya: iyakar abin da ake kashe wa mutum guda a shekara, wadda da take riyal 500,000, an kai ta miliyan ɗaya, an shigo da dashen ƙoda, an ƙara kason wankin ƙoda da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Alheri ne, amma ba kyauta ba. A saman duka kuma ga dariba, wato harajin VAT, wadda ta tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 a Yulin 2020.

Mai cewa hukuma ta yanke farashin kati, ba zan daɗe a kansa ba. An taɓa ganin irin wannan araha ba tare da doka ba. Kafin 2013 kamfanoni sun yi ta karya farashi don ƙwace kasuwa, suka tafka asara, har Babban Banki, wanda shi ke kula da su a lokacin, ya tilasta musu su riƙa yin farashi da masu lissafin haɗari. Yau Hukumar Ta'amin da aka kafa a 2023 ce ke wannan aiki. In ka danne farashin kati ka bar asibiti yana caji yadda ya so, kamfani zai rama ta inda ba ka gani: ya zare manyan asibitoci daga shabakarka, wato jerin asibitocin da ke karɓar katinka, ya riƙa jan ƙafa wurin muwafaka, wato amincewar da asibiti ke nema daga kamfani kafin ya yi jinya. In za a yanke farashi, a ɓangaren asibiti ake yankewa. Japan haka take yi, gwamnati ce ke fitar da jadawalin kuɗin kowane aiki na likita ga ƙasar baki ɗaya, tana sake duba shi duk shekara biyu. Wannan muhawara ce mai ma'ana, amma ta masu mulki ce, ba za ta taimake ka a sabuntawar bana ba.

Mai cewa ka koma kati mai araha yana da gaskiya fiye da yadda ake zato, kuma yana iya jefa ka rami. Rabon da ake yi na VIP da A da B da C ba rabon cututtuka ba ne. Ciwon da katin A ya ɗauka a ƙarƙashin takardar bai ɗaya, katin C ma dole ya ɗauka. Bambancin yana ga asibitocin da za a karɓe ka da irin ɗakin da za a kwantar da kai. Wanda ke biyan A don a ce yana da A, alhali mutanensa ƙaramin mustausaf na unguwa, wato ɗakin shan magani, suke zuwa, kuɗi yake zubarwa, saukowa B ba aibu ba ne. Inda matsalar take shi ne can ƙasan, abin da mutanenmu ke kira ta'amin igama, katin da aka saya don kwamfutar jawazat, wato ofishin shige da fice, ta buɗe kurum. Ka karɓi jerin shabakar ka karanta da idonka. In ka ga asibitin kwanciya da ke ciki yana can wani gefen gari, ko ba shi da ɗakin haihuwa, ko kuwa duk 'yan ƙananan ɗakunan shan magani ne, to ka san abin da zai faru. Ma'aikacinka zai tashi da dare da ciwon ciki, ya je inda ya fi kusa, a ce ba a karɓar katinsa, ya biya daga aljihu, washegari ya zo maka neman bashin albashi. Ka biya sau biyu ke nan. Araha ba ta ado.

Yanzu mai cewa a ƙara tahammul, wato abin da majinyaci ke biya a taga. Wannan ita ce shawarar da ta fi daɗin ji a bakin masu kuɗi, kuma ita na fi tsoro. An gwada ta gwaji na ƙwarai. A Amurka, daga shekarun 1970 zuwa 1982, cibiyar RAND ta raba dubban iyalai rukuni-rukuni, wasu magani kyauta, wasu suna biyan wani kaso. Masu biya sun rage zuwa asibiti, wannan gaskiya ne. Amma sun rage zuwan da ba dole ba, sun kuma rage wanda yake dole, domin mara lafiya ba likita ba ne, bai san wane ciwon kai ne na gajiya wane ne na hawan jini ba. Waɗanda abin ya fi cutarwa su ne talakawa masu hawan jini. Jamus ma a 2004 ta sa yuro 10 na ganin likita duk wata uku, ta soke shi daga farkon 2013, saboda wahalar karɓarsa ta yi yawa kuma bai rage zaryar yadda aka so ba. Ka ɗauki ma'aikacin da ke biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, kamar yadda kuɗin murafiƙai ya tsaya tun Yulin 2020. Mata da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan kafin haya da cefane. In ka ce masa ganin likita riyal ɗari ne, zai sha Panadol ya kwanta.

Abin da aka yi a takardar 2022 ya fi wannan hikima, domin ba a ƙara wa kowa ba, an bambanta ƙofofin ne. Wanda ya fara da likitan iyali ko likitan gama-gari, abin da zai biya ba ya wuce kashi 5, iyakarsa riyal 25. In wannan likita ya ba shi tahwil zuwa ƙwararre, ba ya wuce kashi 10, iyakarsa riyal 75. Wanda ya tsallake ya tafi kai tsaye wurin ƙwararre, ana iya ɗora masa har rabin kuɗin, iyakarsa riyal 500. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan ba, sai a taga suke jin labari, su fito suna zagin kamfani. Ka tara ma'aikatanka ka faɗa musu, wannan kaɗai zai rage musu asara.

Bari in nuna maka inda kuɗin ke zurarewa, da irin faturar da ta fi kowace yawa a teburina. Yaro ɗan shekara biyar, mura da zazzaɓin kwana biyu, yana ci yana sha yana wasa. Layin farko kuɗin ganin likita. Na biyu gwajin ƙidayar jini. Na uku gwajin kumburi. Na huɗu gwajin bitamin D, wanda ba ruwansa da mura. Na biyar hoton ƙirji. Na shida ƙarin ruwa leda guda da kuɗin gadon awa biyu. Sai magani kala biyar, cikinsu har da na kashe ƙwayoyin cuta, ga murar da irin wannan magani ba ya taɓa ta. Layin farko da maganin zazzaɓi su ne jinyar, sauran ciko ne. Uwar ta biya ɗan abin da ta biya a taga ta fita tana sa wa asibitin albarka, ta ce sun duba mata yaro da kyau. Ba ta ga jimillar ba, ba ta kuma san cewa ita ce za ta dawo wa mai gidan mijinta a sabuntawar baɗi ba.

Ba na cewa likitocin miyagu ne. Akasarinsu mutanen kirki ne da aka ajiye a tsarin da ke biyan kowane abu da ƙidaya: gwaji ɗaya kuɗi ɗaya, gwaji biyar kuɗi biyar. A wasu wuraren ma ana duba abin da kowane likita ya shigo da shi a ƙarshen wata. In ka ce wa tela za ka biya shi da yawan zaren da ya kashe, kada ka yi mamakin irin aikin da zai cika maka a wuyan riga. Kamfanin ta'amin kuma, da ya lura, sai ya ɗauki ma'aikata irina su yi ta yanke layuka, asibiti ya ɗauki nasa ma'aikatan su yi ta ɗaukaka ƙara, ya kuma ƙara farashi tun farko don ya san za a yanke. Albashin duka rundunonin biyu a cikin katinka yake.

Maganin wannan shi ne a sauya yadda ake biya, kuma nan ne nake ganin gardamar gaskiya take. Maimakon a biya kowace allura da kowane dare a gado, sai a yanke kuɗi guda a kan ciwon: cire tsakuwar matsarmama kaza ne, haihuwa ta tiyata kaza ce, ko an yi gwaji uku ko goma. Amurka ta fara haka a shirinta na tsofaffi a 1983, kwanakin da ake kwantar da mutane suka ragu. Saudiyya ta ɗauki samfurin Ostareliya na wannan tsari, ta kuma kafa Nafis, hanyar intanet guda da faturoci da neman muwafaka ke bi tsakanin asibitoci da kamfanoni, da lambobin aiki iri ɗaya ga kowa. Da, kowane asibiti da sunan da yake kiran abu, ba ka iya kwatanta farashin biyu. Tsarin ba waliyyi ba ne. Asibitin da aka yanke wa kuɗi guda yana iya sallamar mutum bai gama warkewa ba, ko ya rubuta ciwon ya fi yadda yake tsanani don ya faɗa rukuni mai tsoka. Sai an sa ido a kan waɗanda ke dawowa asibiti bayan sallama. Duk da haka na fi yarda da shi nesa ba kusa ba, domin shi ne ke sa asibiti ya tambayi kansa ko gwajin nan na da amfani, maimakon a bar tambayar a wuyan majinyaci.

Mu ma da namu. Bahaushe in ya je asibiti ba a yi masa allura ko ƙarin ruwa ba, gani yake an raina shi. Na sha jin ana cewa likita kaza bai iya aiki ba, magana kawai ya yi ya ba da ƙwaya biyu, alhali shi ne ya fi tsoron Allah a layin. Ga yawon likitoci: yau Aziziyya, jibi Shauƙiyya, kowanne ya sake gwajin da aka yi shekaranjiya. Ga ara wa ɗan uwa kati, wanda muke ɗauka zumunci ne. Laifi ne a doka, kuma haɗari ne, domin rukunin jinin wani da ciwonsa za su shiga fayil ɗinka, ranar da aka kawo ka ba ka cikin hayyacinka da shi za a yi aiki. Tun 2018 aka tsananta hana sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba takardar likita, tarar tana kai riyal 100,000, amma har yau muna matsa wa likita ya rubuta.

Sai magani, inda ragin ya fi sauƙi kuma ba wanda zai cutu. Hukumar Abinci da Magunguna ce ke yanke farashin magani a ƙasar nan, shi ya sa za ka ga kuɗin a buge jikin kwalin, saidaliyyar Misfala da ta titin Tahliya a Jidda duk ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne wane kwali aka miƙo maka. Lipitor da atobastatin na wani kamfani magani ɗaya ne. Glucophage metfomin ne. Panadol da Fevadol duk farasitamol ne. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana da shekarun da shi kaɗai ke sayarwa, in sun ƙare wasu su yi irinsa, hukuma ba ta yi musu rajista sai sun nuna yana aiki a jiki daidai da na asali. SPIMACO a Ƙasim, Tabuk, Jamjoom a Jidda, duk irin wannan suke yi. Na san abin da ke zuciyar mutanenmu. Wanda ya taso yana jin labarin jabun magani a kasuwannin gida, in an ce masa ga mai araha sai gabansa ya faɗi. Tsoron yana da asali, amma ba nan ne wurinsa ba. Takardar 2022 ta bi wannan hanya: in ka karɓi kwatankwacin, kashi 20 za ka biya, iyakarsa riyal 30. In ka nace sai mai sunan alhali akwai kwatankwacinsa, ana iya ɗora maka har rabi. Akwai 'yan magunguna, irin na farfaɗiya da na maƙoƙo da na masu dashen ƙoda, da ba a sauya musu kamfani sai da sanin likita. Ban da irinsu, mai hawan jini da sukari da ke shan ƙwaya huɗu kullum har ƙarshen rayuwa, wannan zaɓi shi ne bambancin ɗorewa da yankewa. Gwamnati kanta ta gane ƙarfin saye a dunƙule, shi ya sa ta kafa NUPCO tana saya wa asibitocinta magani gaba ɗaya.

Kuɗi mafi nauyi kuwa ba na mura ba ne. 'Yan tsirarun mutane ne ke cinye mafi yawan abin da ake kashewa, kuma in ka buɗe fayilolinsu sukari da hawan jini za ka tarar a gindi. A ƙasar nan fiye da mutum ɗaya cikin kowane manya shida na da ciwon sukari. Gwajin sukari na wata uku, awon ido da na ƙafa da na fitsari sau ɗaya a shekara, da ƙwayar da ba ta yankewa, duka ba su kai kuɗin mako guda na wankin ƙoda ba, shi kuwa sau uku ake yi a mako har sai an samu dashe ko rai ya yi halinsa. Shi ya sa ban ga laifin harajin da aka sa wa lemon kwalba da taba a 2017 ba, ko da yake na san ba ni da magoya baya a nan. Kai da ke da kicin, Baba, kana da iko fiye da kamfanin ta'amin: abin da ma'aikatanka ke ci sau biyu a rana daga tukunyarka yake fitowa, shayin da ake zuba wa sukari kamar za a yi alewa a gabanka ake dafa shi. Na'urar awon jini guda a ofis ba ta kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. Mu kuma muna da ƙarin namu, sikila. Gwajin kafin aure ya zama dole ga 'yan ƙasa tun 2004, amma auren da ake ɗaurawa a cikin gida tsakanin masu igama yakan wuce ba gwaji. Duk wanda ya yi jinyar yaro mai sikila ya san abin da gwajin nan ke tarewa, na kuɗi da na hawaye.

To asusun Hausawa fa? A matsayin madadin ta'amin ba zai yi ba, ko da doka ta bari. Asusun da shiga cikinsa ganin dama ne, masu ciwo da tsofaffi ne ke rige-rigen shiga, matasa masu lafiya su ce sai baɗi. Kuɗin ya kasa, a ƙara, masu sauran lafiya su fice, a sake ƙarawa. Mutum ɗari biyu masu zuba riyal 50 a wata sun tara riyal 120,000 a shekara, tiyatar zuciya guda da kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman na iya share shi, a bar ma'aji da zargi. Ta'amin na rayuwa ne da yawan jama'a da kuma tilas. Nijeriya ta ɗanɗana wannan: shirinta na inshorar lafiya ya fara aiki a 2005, ya daɗe bai wuce ma'aikatan gwamnati da 'yan kaɗan ba, har aka yi sabuwar doka a 2022 da ta mai da shi wajibi.

Amma wanda ya kawo shawarar ya taɓo ciwon da ya fi naka zafi. Ɗan ƙasa yana da asibitin gwamnati kyauta, ya je Annur ko Zahir a duba shi. Ma'aikaci mai igama yana da kati. Alhaji a lokacin aikin hajji ana yi masa jinya kyauta, mai bizar umara ta'amin na cikin kuɗin bizarsa. Saura wa? Tsohuwar da ke ƙarƙashin igamar ɗanta, wadda katinta kaɗai ya fi na duk gidan tsada saboda shekaru. Da wanda aka haifa a Jarwal ko Hindawiyya, takardunsa suka mutu, ba ya zuwa asibiti sai an ɗauko shi ranga-ranga. Waɗannan su ne ke biyan farashi mafi tsada a ƙasar, domin kamfani na samun ragi mai yawa daga asibiti, mai kuɗi a hannu kuwa cikakken farashi ake karanta masa, in ba ɗan ƙasa ba ne har da dariba. A Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa jinyar korona kyauta, har da waɗanda suka saɓa dokar zama, domin an gane cewa barin wani a waje kowa yake cutarwa. A ganina hankalin nan bai kamata ya tsaya a kan annoba ba.

Nan ne taimakon juna ke da aiki: sayen insulin na wata, biyan katin tsohuwa, kuɗin gwaji kafin ciwo ya yi nisa. Sai dai a bi ta ƙofa. Tara gudummawa daga jama'a ba da izini ba laifi ne a Saudiyya, kada wani ya buɗe lambar banki ya watsa a WhatsApp ya jawo wa kansa. 'Yan uwanmu 'yan ƙasa suna iya yi wa asusun dangi rajista a hukumance. Ga masu buƙata akwai ƙungiyoyi masu lasisi, irin Zamzam da ke aikin jinyar marasa ƙarfi a yankin Makka, da dandalin Ihsan da na Shifa. Majalisarku za ta fi amfani in ta samu saurayi guda mai iya cika takardu, ya riƙa raka tsofaffi da rahoton likita a hannu.

Kai kuma, ga abin da zan yi da ni ce a kujerarka. Kada ka jira saura kwana uku igamomi su mutu, a lokacin ba ka da bakin ciniki. Fara wata biyu kafin lokaci, ka nemi farashi daga kamfani uku ko huɗu ta hannun dillali mai lasisi, kowanne ya haɗo da jerin shabakarsa ta Makka. Ka tambayi ma'aikatanka inda suke zuwa a zahiri, ka zaɓi katin da ya ƙunshi wuraren nan da asibitin kwanciya guda mai kyau kusa da masaukinsu. Ka tace sunayen, sau da yawa ana biya wa wanda ya yi huruj, wato ya bar ƙasar, tun bara ko matar da ta koma gida. Takardar bayyana cututtuka a cika ta da gaskiya. Na ga waɗanda suka ɓoye sukari don a rage musu 'yan ɗaruruwa, ranar kwanciya aka ƙi biyan dubbai. Akawunka ya duba maka daribar da ke kan katin, in mu'assasarka na da rajistar haraji. Ka kuma sanar da mutanenka haƙƙinsu: kamfani na da minti 60 ya amsa neman muwafaka, tawari, wato sashen gaggawa, ba ya jiran muwafaka, wanda aka hana abin da takarda ta ba shi yana da damar kai ƙara, kuma ƙarar na aiki. Don ƙaramin ciwo da dare su kira 937 su yi magana da likita kyauta kafin su nufi tawari.

A gaida 'yan majalisa, musamman mai shawarar asusu. Ka ce masa in sun shirya zama a kan maganar tsofaffin nan, zan rubuto muku takardun da ƙungiyoyin ke nema.